Majigi, sola da darasin tarihi: tambayoyin da malaman Sakkwato ke yi kan inda za a samo kuɗin kayan aiki

Na daɗe ina koyar da tarihi a babbar sakandare a cikin garin Sakkwato. Duk inda muka haɗu da 'yan'uwa malamai, wurin bita ko wurin makin jarrabawa, da an gama gaisawa sai zancen kayan aiki ya taso. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsar da nake bayarwa.

Tarihi ai labari ne da ake bayarwa da baki. Me zai yi da na'ura?

Labari ne, amma labarin da ya faru a kan ƙasa, a wuraren da har yau suna nan. Ɗalibaina sun haddace cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, an gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekarar, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Ko cikin barci ka tashe su za su zayyano maka. Amma ka ce wani ya nuna maka da hannu ina Gudu take, ina Alƙalawa take, sai a yi tsuru-tsuru.

Ranar da na fara haska taswirar tauraron ɗan'adam a bangon aji, da aron majigi na yi. Muka rataya tsofaffin zannuwa a tagogi don hoton ya fito, zafi kamar a tanda. Na sa ɗigo a Degel cikin Gwadabawa, na ja layi zuwa yamma har Gudu kusa da iyakar Nijar, sannan na koma can gabas wajen Sabon Birni na nuna Alƙalawa. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba ya miƙe tsaye ya ce, "Malam, wanga gulbi shi na bayan garinmu!" Gulbin Rima ya gani. Daga nan tambayoyi suka ɓarke: da rani aka yi tafiyar ko da damina, ina dawaki suka sha ruwa, me ya sa Bello ya zaɓi tudun da Sakkwato take a kai, me ya kai shi zama Wurno inda ya rasu a 1837. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. A halin tsaron da ake ciki, ba shugaban makarantar da zai sa hannu a ɗebi yara a mota zuwa kufan Alƙalawa, ba kuma uban da zai yarda. Hoto da taswira su ne yawon buɗe idon da ya rage mana. Sannan manhajar WAEC da NECO ba a Daular Usmaniyya ta tsaya ba. Akwai Nok, Ife, Igbo-Ukwu, Benin, Kanem-Barno. Yaron da bai taɓa wuce Tambuwal ba, ta yaya zan kwatanta masa kan tagulla na Ife da baki?

To me ya kamata mu fara saye?

Wuta. Kafin a yi zancen kwamfuta a fara da abin da zai kunna ta. Makarantar da ta sayi na'ura tana jiran wutar gari ko man janareto, ta sayi kayan ado ne.

Ga lissafi mai sauƙi. Talabijin na zamani mai inci 43 zuwa 55 yakan ja wat 100 ko kusa da haka, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma wajen wat 50. Ka ce za a yi awa huɗu ana aiki da su a rana, duka bai wuce wat-awa 600 ba. Faifan sola ɗaya ko biyu, batir guda da ƙaramar infata sun ɗauke wannan, rana kuwa mu a Sakkwato ba aronta muke yi ba. Majigi mai ƙwan fitila kuwa shi kaɗai yakan ja wat 250 zuwa 300, yana son duhu, ƙwan yana da ranar mutuwa, hazon hunturu kuma yana toshe masa hanyar shan iska.

Don haka ni a ganina talabijin ya fi majigi a ajinmu. Ba sai an toshe taga ana gumi a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Inda majigi ya fi shi guda ne: aji mai ɗalibai tamanin ko ɗari, na baya ba za su ga rubutun talabijin ba. In haka ajinku yake, a nemi majigi mai haske sosai, lumen 3,000 zuwa sama, a shafe bango da farin fenti, an huta da sayen allo. Batir kuma, in kuɗi sun kai, a ɗauki na litiyom. Na ruwa ya fi araha ranar saye, amma zafinmu yana cinye shi da wuri.

Allon nan mai taɓawa da 'yan kwangila ke yawan tallatawa, ku bar shi tukuna.

Ba aikin gwamnati ba ne ta kawo?

Aikinta ne, amma ya kamata a san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, ita kuma tana ba jihohi ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, in sun ajiye nasu kason. Sai dai wannan kuɗi na firamare ne da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare, SS1 zuwa SS3, ba ta ciki. Ita tana rataye ne a kasafin kuɗin jiha, ta ma'aikatar ilimi ko hukumar da makarantarku ke ƙarƙashinta, domin a nan jihar ba duka makarantu ke ƙarƙashin ofis ɗaya ba.

Abin da wannan ke nufi: in makarantarku ta haɗa ƙarama da babba a harabar guda, ɗakin da aka yi wa ƙaramar da kuɗin SUBEB kuna iya raba lokaci a cikinsa, kuma kuna da hujja, tunda gwamnatin tarayya ta dawo da tarihi cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare bayan an cire shi a wajajen 2009. In kuwa babba ce zalla, takardarku ta bi ta hannun shugaban makaranta zuwa ofishin shiyya, kuma ta isa tun kafin a rufe tsara kasafin shekara mai zuwa. Wanda ya kai buƙata a watan Fabrairu, bayan gwamna ya sa hannu, shekara guda zai jira.

Ku rubuta, ku ajiye kwafi, ku bi sawu. Amma kada ku tsayar da darasi kuna jira.

Muna jin sunan AGILE. Da mu a ciki?

Shiri ne na ilimin 'yan mata da ake gudanarwa da rancen Bankin Duniya. Ya fara a 2020 da dala miliyan 500 a jihohi bakwai, cikinsu da maƙwabciyarmu Kebbi, aka ƙara dala miliyan 700 a 2023, Sakkwato ta shiga a wannan karon. A cikinsa akwai tallafin gyaran makaranta da ke bi ta asusun SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, akwai kuma sashen koyar da amfani da na'ura.

Abin lura shi ne kuɗin yana bin abin da kwamitin ya rubuta ne a tsarin inganta makaranta. Galibi za a sa rufi, banɗaki, ruwa, kujeru, kuma da gaskiyarsu. Malamin tarihi da bai je zaman ba kada ya yi tsammanin wani zai tuna da taswirarsa. Ku je. Ko soket biyu da wayar sola kuka samu aka sa a ajin da ake gyarawa, kun ci rabin tafiya.

TETFund fa? Da sauran hukumomin Abuja?

TETFund ta manyan makarantu ce, jami'a, kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha. Kada ku ɓata takarda. Waɗanda suka shafe mu su ne asusun USPF da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC, wanda ke kafa ɗakunan kwamfuta a makarantun sakandaren gwamnati, sai NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, da ita ma takan yi irin haka. Ba malami ɗaya ke nema ba, makaranta ce ke nema, kuma takardar da ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku ya bi bayanta ta fi saurin motsi.

In duk waɗannan sun yi nisa, ina kuɗin kusa?

Nan ne zuciyar maganar. Abin da darasin tarihi ke buƙata bai kai girman da sai Abuja ba: talabijin ɗaya, kwamfuta ɗaya ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce, sola ƙarama, akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Wannan ƙarfin tsofaffin ɗalibai ne. Kusan kowace tsohuwar makaranta a garin nan tana da zauren WhatsApp na kowane aji da ya fita, cikinsu da likitoci, da jami'an kwastan, da 'yan kasuwar albasa, da masu zama a Abuja da Legas. A ce mutum sittin su ba da naira dubu goma-goma, an tashi da dubu 600. Aji biyu su yi haka, magana ta canza.

Amma akwai yadda ake roƙon. "Ku taimaki makarantarku" ba ta motsa kowa, an gaji da jin ta. Ku ce: muna son ɗaki ɗaya, ga hotonsa, ga abu huɗu da za a saya, ga farashi daga shago uku, ga abin da mu malamai muka fara tarawa. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A makarantarmu, mu malamai biyar muka haɗa kuɗin fenti da sakata, muka tura hoton ɗakin an share an shafe, sannan muka buɗe baki. Ku kuma sa ranar rufewa, kuma duk wanda ya tura a rubuta a zauren kowa ya gani, sai wanda ya ce a sakaya sunansa.

Hanya ta biyu, wadda nake mamakin yadda muka yi sakaci da ita a garin Shehu, ita ce waƙafi. Mutum ya sayi sola ya tsayar da ita don karatun yara, ladan ya tafi ga mahaifinsa da ya rasu, sadaka ce mai gudana kamar rijiya. Attajiranmu sun san gina masallaci da haƙa rijiyar burtsatse, ba a dai saba kai musu irin wannan ba. Limamin unguwa ko hakimi ya fi malamin makaranta iya buɗe wannan ƙofa. Jihar ma tana da hukumar zakka da waƙafi, kuna iya neman shawararta kan yadda ake rubuta shi don kada wani ya wayi gari ya ce nasa ne.

Zakka fa, tana shiga?

Zakka tana da mutanenta guda takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade a Suratut Tauba. Ku bar ta inda take, ku nemi sadaka da waƙafi.

Mu sa wa iyaye haraji ta ƙungiyar iyaye da malamai?

A makarantar gwamnati ban ba da shawara ba. Karɓar kuɗi daga ɗalibai ba da izinin ma'aikata ba yana iya jawo wa shugaban makaranta takardar tuhuma, kuma akwai gidan da naira ɗari biyar za ta sa a ce yarinya ta zauna gida. Gudunmawar ganin dama a taron iyaye daban ce. Wani uban ba shi da kuɗi amma mai walda ne, shi zai yi muku kejin talabijin. Wani mai haɗa sola ne.

Ɗan siyasa ko kamfani ya ce zai kawo mana kwamfutoci. Mu karɓa?

Ku karɓa da godiya, amma ku yi ƙoƙari ku riga shi faɗin abin da kuke so. In kuka yi shiru, abin da ya fi kyau a hoto za a kawo: kwamfutoci jere a kan tebur, kyalle, almakashi, a watse. Ku roƙa a rage yawan na'urorin a sa sola da kuɗin gyara na shekara biyu a ciki. Ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa ke sawa a kasafi hanya ce halattacciya, haka bankuna, kamfanonin waya da kamfanin siminti da ke Kalambaina, duk suna da abin da suke warewa don al'umma. Sharaɗi ɗaya nake riƙewa: kada a mayar da ɗalibai 'yan tarbar siyasa a lokacin darasi.

Yaya ake rubuta takardar neman tallafi?

Shafi biyu sun isa. Na farko: wace makaranta, ɗalibai nawa ke ɗaukar tarihi, maza nawa mata nawa, wane darasi ne ke ba su wahala, me na'urar za ta canza a cikinsa. Ku kawo misali ɗaya ƙwaƙƙwara, kamar yaƙin Giginya da aka yi da Turawa ranar 15 ga Maris 1903 da tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, yadda za a bi ta a taswira zango-zango. Na biyu: jerin kaya da farashi, wa zai riƙe makulli, wa zai gyara, da me za a biya gyaran. Shugaban makaranta da shugaban SBMC su sa hannu. Kuɗi su shiga asusun makaranta ko na ƙungiya mai masu sa hannu biyu, kada su taɓa bi ta asusun malami, komai amanarsa.

Sannan ku kai da ƙafarku. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ba mu da kuɗin data. Ba intanet, ina amfanin?

Darasin tarihi bai cika buƙatar intanet a cikin aji ba. Boren da aka yi wa Turawa a 1906 a Satiru ba zai canza kafin gobe ba. Ana sauke abu sau ɗaya a ajiye a filasha. Manhajar Kiwix kyauta ce, tana ba ka Wikipedia gaba ɗaya, ta Turanci da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Google Earth na kwamfuta yana barin ka ajiye hoton wuri. Akwai dandalin karatu na Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta buɗe da UNICEF a 2022. Ɗakin karatu na Birtaniya ya ɗora hotunan tsofaffin rubuce-rubucen arewacin Najeriya a shafinsa, kowa na iya gani.

Na kusa ma ya fi. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu tana nan cikin gari da takardu da kayan tarihi, ga sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku nemi izini ku ɗauki hoto. Yaro ya ga shafin Infaƙul Maisuri, littafin Muhammadu Bello, da rubutun hannu ya cika bango, ya gane cewa da tawada da alƙalami irin na makarantar allonsu aka rubuta tarihin da ake tambayarsa a WAEC da Turanci.

Mun samu kayan. Yaya za mu hana su mutuwa?

A wata makaranta da na taɓa koyarwa an kawo kwamfutoci ashirin. Aka yi biki, aka kulle su a sito. Shugabanmu na lokacin mutumin kirki ne, tsoro ne ya yi masa yawa: in ɗaya ta ɓace shi za a tambaya. Duk sanda na je neman makulli sai ya ce, "Malam, in ta ɓaci wa ka gyaranta?" Ni ma ba ni da amsa. Bayan shekara biyu da aka buɗe, ƙura ta yi kauri har kana rubuta sunanka da yatsa, batira sun kumbura sun ɗaga madannai, ɓera ya yi gida a kwali ɗaya. Ba wadda aka sace. Ba kuma yaron da ya taɓa ko guda.

Tambayar tasa gaskiya ce, amsarta ake tanada tun farko. Daga duk abin da aka tara a cire kashi ɗaya cikin goma a ajiye don gyara kafin a sayi komai. A buɗe littafi: wa ya ɗauka, yaushe, yaushe ya dawo da shi. Makulli biyu, ɗaya wurin malami ɗaya a ofis, don kada tafiyar mutum ɗaya ta rufe ɗaki. A rubuta sunan makaranta da fenti a jikin kowane abu. A ɗinka wa talabijin riga. A sa ɗalibai biyu su riƙa goge faifan sola duk mako lokacin hunturu, domin ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai. Kuma a rubuta a takarda, da sa hannun SBMC, cewa abin da ya lalace a bakin aiki ba laifin kowa ba ne.

Shugaban makaranta ya ce kimiyya da lissafi ne gaba. Me zan ce masa?

Kada ka yi gardama, ba za ka ci ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin na kowa ne." Malamin labarin ƙasa yana son taswira, na bayoloji yana son hoto, na addini yana son nuna hanyar Makka zuwa Madina. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, yara suna buƙatar su saba. Ka tara su ku nema tare, kai dai ka tabbata an rubuta awannin tarihi a jadawalin ɗakin tun ranar farko, da biro.

Idan ba mu samu komai ba sam, sai wayar malami?

Ta isa a fara. Waya tana ɗaukar murya da hoto, abin da masanin tarihi ya fi buƙata ke nan. Na taɓa raba ajina rukuni takwas, kowane rukuni da ƙofa ɗaya cikin ƙofofin gari: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku da sauransu. Aikinsu su samo dattijo a unguwar, su gaishe shi yadda ya kamata, su nemi izini, su tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa. Da yake makaranta ba ta yarda da waya a hannun ɗalibi ba, da ta yayye da iyaye aka yi, ranar Asabar.

Wata yarinya ta dawo da muryar kakarta tana rera baitocin da ta koya wurin tata kakar, irin waɗanda jaji, wato jagororin matan nan masu neman ilimi da ake kira 'yan taru, ke yawo da su ƙauyuka tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Minti huɗu ne, ana jin akuya tana kuka a baya. Na sa wayar cikin kwanon silba don sauti ya ƙaru, aji ya yi tsit. Wannan muryar ce muka tura zauren tsofaffin ɗalibai tare da jerin farashin, a daren aka fara turo kuɗi. Tsohuwar ta rasu da damina ta gaba. Muryar tana cikin filasha biyu, ɗaya a ofis, ɗaya wurin jikarta.